Karatun Sufuri Ba Tuƙin Mota Ba Ne

Akwai wani karatu na jami'a da sunansa yake ruɗa iyaye. Ana ce masa karatun tsara sufuri. Yaro ya samu bak, ya yi shekara 3 ya samu lisansi. Sai ya ce yana son ƙarin shekara 2 don takardar da ake kira mastar. Uba ya ji maganar mota, ransa ya ɓace: duk shekarun nan a lakwal, a ƙare a direba?

To, ba tuƙi ake koya musu ba. Tuƙi sana'a ce mai daraja, amma wannan aikin lissafi ne. Kaya ton nawa ne? Kamiyon nawa za su ɗauka? Ta wace hanya, cikin kwana nawa? Nawa ne kuɗin gazuwal, da na duwan, da na ajiya? Ɗalibi yana koyon dokokin iyaka da cika takardu. Yana koyon nema wa kamiyon kayan dawowa, don motar da ta komo wayam, mai kayan tafiya ne ya biya kuɗin komowarta.

Nijar ba ta da teku. Takin zamani, da magani, da shinkafar waje, jirgin ruwa yake sauke su a tashar wata ƙasa. Daga Kwatano zuwa Yamai ya fi kilomita 1000. A 2023 aka rufe iyaka da Benin. Kaya suka koma tashar Lome, suna ratsa Burkina Faso da rakiyar sojoji. Tafiya ta ƙara kwanaki, farashi ya hau har kasuwar ƙauye.

Manomin albasa ya san zancen nan fiye da kowa. Albasar Galmi tana zuwa Akara da Abijan, kuma albasa ba ta jira. In kamiyon ya yi kwanaki a iyaka saboda takarda ɗaya, rana ta dake shi, buhunan ƙasa su fara ruɓa. Ɗan kasuwa ya yi asara. Ba shi kaɗai zai sha ta ba: baɗi in ya zo gona, sai ya rage kuɗin buhu. Makiyayi ma haka. Ragon Layya da ya daɗe a mota ba ruwa ba ciyawa, ramewa yake yi kafin ya ga mai saye.

Ga kuma hanyar jirgin ƙasa ta Yamai zuwa Doso. An fara ta a 2014, an gama shimfiɗa ƙarfe a 2016, wajen kilomita 140. Ba a haɗa ta da ta Faraku ba, don haka ba ta ɗauko kayan teku ba. Irin wannan lissafi, kafin a kashe kuɗi ake yinsa.

Shekara 2 ba wasa ba ne ga gidan da ke jiran hannu a gona. Kafin uba ya sayar da sa, ya aiki yaron ya tambayo abu biyu. Gwamnati ta yarda da takardar makarantar? Kuma suna tura ɗalibai su yi watanni a tashar jirgin ruwa ko a kamfanin sufuri, su ga lodi da idonsu? In an ce e, a nuna masa a rubuce.