Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Jigawa Kan Rassan Dabino Da Lakar Shadda

Mai girma Gwamna Malam Umar Namadi,

Ranka ya daɗe, sunan jiharmu da kansa ya faɗi halin ƙasarmu. Jigawa ce, rairayi ne. Ka damƙi ƙasar gona ka buɗe hannu, sai ta zube kamar gari. Ruwan sama ya sauka ya wuce, takin zamani da manomi ya ci bashi ya saya ya bi shi ƙasa. Abin da irin wannan ƙasa ke nema shi ne ruɓaɓɓen taki mai riƙe laima, kuma muna da kayan haɗa shi, ƙonawa muke yi muna zubarwa.

Duk shekara masu lambun dabino suna sassabe busassun rassa. Kaɗan ake yin shinge da su, sauran a cinna musu wuta, domin reshen dabino yana da taurin kai, idan aka jefa shi a juji haka nan sai ya shekara bai ruɓe ba. A cikin gari kuwa masu yasar shadda suna kwashe laka su fita da ita bayan gari. Na taɓa tsayawa a bakin wani kududdufi da aka juye irin wannan laka, ga yara suna wasa a gefe, ga awaki suna shan ruwan. Wasu manoman ma roƙo suke a juye musu ita ɗanya a gona, ƙwan tsutsar ciki kuwa yana iya yin watanni a ƙasa da ransa.

Idan aka haɗa rassan da lakar, kowane yana gyara ɗan'uwansa. Lakar tana da sinadarin naitirojin amma ta cika jiƙa da wari. Rassan busassu ne, suna shanye ruwan suna buɗe wa iska hanya. A fara shanya lakar a kan shimfiɗar yashi da tsakuwa, a niƙa rassan da inji, a cakuɗa a tara tsibi, a riƙa juyawa. Cikin 'yan kwanaki tsibin zai ɗau zafi, da sanyin safiya ka ga tururi na tashi, hannu ba ya iya daɗewa a cikinsa. Zafin nan ne ke kashe cuta. Ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 sun nemi ya haura digiri 50 na aƙalla mako guda. Bayan kamar wata uku sai a samu baƙin taki mai ƙamshin ƙasar damina.

An gwada wannan a Ghana. Cibiyar IWMI ta haɗa lakar shadda da sharar kasuwa a Kumasi, daga baya aka fito da takin Fortifer da ake sayarwa a buhu. Mu kuwa, ga tashar binciken dabino ta NIFOR a Dutse, a ƙofar gidanka.

Roƙona, ranka ya daɗe, a ware fili kusa da tashar, a sa injin niƙa da ma'aunin zafi, a umarci motocin kwasar bahaya na Dutse su riƙa juyewa a can. A ba masu yasar shadda safar hannu da takalman roba, a biya su. Sun daɗe suna yi mana aikin da muke ƙyama ba godiya. Kada a bari lakar masana'antu ta shiga, musamman ta majemun fata irin na Challawa a Kano, saboda sinadarin kuromiyom da zafi ba ya kawarwa.

Kuma a zauna da malamai tun kafin a sa tubali. Manomi zai tambayi hukuncin najasa, kuma a fiƙihun Malikiyya akwai magana kan sayar da ita. Su yi nazari su yi wa jama'a bayani. Sannan a raba takin farko kyauta ga masu gero da riɗi, a auna amfanin gonarsu da kaka.

Wassalam,
Wani manomi daga Dutse