Albashi Kaɗai Ba Zai Tsai Da Ma'aikaci A Randagi Ba

'Yan'uwa ɗalibai da sababbin ma'aikata, a ce gobe takardar kama aiki ta fito, an tura mu Randagi, can ƙasar Birnin Gwari. Mu faɗi gaskiya: da yawanmu, tun kafin mu ɗaure kaya, za mu shiga neman wanda zai tsaya mana a sake mana wuri.

Ba mu ga laifin mai jin tsoro ba. Shekara da shekaru 'yan bindiga suka mai da dazuzzukan yankin mafakarsu, har da dajin Kamuku. A watan Maris na 2021 suka sace malamai uku a makarantar firamare ta Rama, cikin wannan ƙaramar hukuma. Kasuwar shanu ta Birnin Gwari kuwa sai a ƙarshen 2024, bayan sulhu, aka sake buɗe ta.

To, me zai tsai da malami ko ma'aikacin lafiya a irin wannan wuri? Albashi kaɗai ba zai iya ba. A 1975 ƙarin albashin Udoji ya cika aljihun ma'aikata, amma kafin shekarar ta ƙare Gwamnatin Janar Murtala ta sallami fiye da 10,000, bisa zargin lalaci da cin hanci.

Abin da ke riƙe mutum shi ne ya san don wa yake aiki. Malamin da ya ga ɗan manomi yana karanta wa ubansa rubutun da ke jikin kwalbar magani, barcinsa na daren nan dabam ne. Wanda kuwa ya ɗauki aikinsa kamar ɗaurin talala, damuwa za ta cinye shi. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana alamu uku na matsananciyar gajiyar aiki: ƙarewar ƙarfi, fitar aikin daga rai, da raguwar ƙwazo.

Amma kada hukuma ta fake da wannan ta ce a yi haƙuri kawai. Da ruwan ciki akan ja na rijiya. Malamin da ba shi da alli, ba tsaro, ba wani babba da ke leƙo shi, a hankali zai ɗauka aikinsa ba shi da daraja a idon kowa. A ba shi kayan aiki, a biya shi kan kari, a saurari kukansa.

Mu kuma, kafin mu nemi sauyin wuri, mu tambayi kanmu: in kowa ya gudu, wa zai koyar da yaran Randagi? Allah Ya sa mu dace, amin.