Irin Kakata Da Irin Fakiti: Gwajin Da Na Yi A Bayan Ɗaki

A wannan makon ba maganar jarrabawa za mu yi ba, maganar tumatir ce. Kar ku yi dariya tukuna, domin ni ma da dariya na fara, ƙarshenta ni aka yi wa.

A gidanmu da ke Kakuri akwai wani tsohon gwangwanin madara da kakata take ɓoyewa a ƙarƙashin gado. Ba kuɗi ne a ciki ba, irin tumatir ne a ƙulle cikin tsumma, an barbaɗa masa toka. Da shi ta zo daga ƙauye lokacin da kakana ya samu aiki a masaƙa. Masaƙun Kakuri sun daɗe da yin shiru, amma irin yana nan, domin duk shekara sai ta shuka ta sake ɗiba. Tumatirin ba shi da kyan gani: faffaɗa ne mai tsaga-tsaga kamar ƙaramar kabewa, ɓawonsa ba ƙwari, ga ruwa. In ka tambaye ta sunansa sai ta ce, "Na gida ne."

Shekarar da na shiga jami'a na sayo fakitin iri mai hoton jajayen tumatir, an rubuta F1 a jikinsa. Na ce, "Kaka, zamani ya zo, a yar da wancan tsumman." Ta dube ni ta ce, "To maigidana, ga fili ga mai doki. Shuka naka in shuka nawa."

A ƙarshen watan Oktoba, da damina ta ɗauke, muka yafa iri uku: nata, da nawa, da wanda manoma suke kira UTC. Ainihin sunan wannan na ukun UC82B, kuma a jami'ar Kalifoniya ta Amurka aka samar da shi. Bayan mako huɗu muka yi dashe a tsofaffin buhunan siminti guda tara, kowane iri buhu uku. Ƙasa ɗaya, takin kaji ɗaya, ruwa daidai wa daida safe da yamma. Wannan shi ne sharaɗin kowane gwaji, kamar yadda ake koya muku a darasin kimiyya: abu ɗaya tak ake bambantawa, in ba haka ba ba za ka san abin da ya kawo sakamakon ba.

Nawa ne ya fara burge mutane. Ya yi 'ya'ya da yawa, duk girmansu ɗaya, kuma in an tsinka sai ya kwana bakwai a faranti bai yi laushi ba. UTC ya biyo baya, ga tsoka ga ƙarancin ruwa, irin wanda ake yankawa a shanya a yi kauɗa. Na kaka kuwa sai ya yi ta tsawo har sai da muka kafa masa sanda, yana ba da 'ya'ya kaɗan-kaɗan, kuma kwana uku ya isa ya fara ruɓewa. Amma bayan sauran sun gama sun bushe, shi yana nan yana fure. Da ƙanwata ta yi dage-dage kashi uku ba ta faɗa wa kowa wanne ne wanne ba, duk gidan na kaka muka zaɓa, har da ni. Ɗan tsaminsa da ƙanshinsa ba su da na biyu.

A nan na gane dalilin da ya sa irinsa ya yi wuyar gani a kasuwar Kakuri da ta Sabon Tasha. Ɗan kasuwa yana son tumatirin da zai jure kwando da mota har Legas. Ba daɗi ne ya kori irin gida ba, doguwar hanya ce.

Babban darasin sai a shekara ta biyu ya zo. Na ɗebi iri daga kowanne na sake shukawa. Na kaka ya fito sak yadda yake, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. UTC ma haka. Nawa kuwa sai ya watse: wani dogo, wani gajere, wani 'ya'yansa ƙanana, kamar ba uwarsu ɗaya ba.

Masu karatun bayoloji sun san dalili. F1 yana nufin 'ya'yan fari na auren iri biyu mabambanta. Su 'ya'yan farin kamarsu ɗaya, amma jikoki sai halayen kakanni su rarrabu a tsakaninsu. Abin da Gregor Mendel ya gano ke nan a gwajinsa na wake, ya wallafa a 1866. Shi kuwa irin gado, da yake furen tumatir galibi shi yake yi wa kansa barbara, shekara da shekaru sun daidaita halinsa. Irin aure ba yaudara ba ne, manomi mai neman cika mota yana amfana da shi ƙwarai. Sai dai duk shekara dole ya koma shago da kuɗinsa. Kakata ba ta taɓa sayen iri ba.

Kada wani ya ɗauka irin gado ba ya jin ciwo. A 2016, lokacin yawancinku kuna ƙanana, tsutsar nan da manoma suka sa wa suna sharon ta cinye gonakin tumatir, har gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin a watan Mayu. Shukar kakata ma ba ta tsira ba. Abin da ya cece ta shi ne ba ta taɓa shuka irinta duka. Kullum tana rage rabi a gwangwani. Da ta juye shi gaba ɗaya a shekarar, da shi ke nan, domin babu shagon da ake sayar da shi.

Ga yadda ta koya mini ɗibar iri. Ka zaɓi tumatirin da ya nuna sosai daga shukar da ta fi lafiya, ba ragowar da aka rasa mai so ba. Ka matse 'ya'yan da ruwansu a kofi, ka bar su kwana biyu zuwa uku har yauƙin ya saki. Ka zuba ruwa ka wanke. Waɗanda suka nutse su ne masu kyau, masu yawo a sama ka zubar. Ka shanya a inuwa, ba cikin rana ba, har su bushe ƙayau. Sai ka naɗe a takarda, ka rubuta suna da shekara, ka ajiye inda babu laima. Iri mai kyan ajiya yakan yi shekara uku zuwa huɗu yana tsirowa.

Aikin gida na wannan makon: ku tambayi kaka, ko gwaggo, ko masu lambun bakin kogin Kaduna, wane tumatir suke shukawa a da, kuma me sunansa. Manoman Arewa suna ambaton sunaye irin su Tandino da Ɗan Siriya da Ɗan Eka. Wataƙila a gidanku akwai wanda ba a taɓa rubuta sunansa ba. In kun samu ko ƙwaya goma ce, ku roƙa. Buhu biyu da ɗan wurin da rana take samu sun isa, ko a Barnawa kake ko Narayi ko Television. Ku shuka shi kusa da na kasuwa, ku riƙa rubuta ranar fure, da yawan 'ya'ya, da kwanakin da yake yi bai lalace ba, sannan ku aiko mana da abin da kuka gani.

Gwangwanin nan yanzu yana hannuna. Ranar da ta miƙo mini shi cewa ta yi, "Ka dai rage rabi." Sai mun haɗu a mako mai zuwa.