Zaman Iyali: Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka



A Faransa, idan hutun watan Agusta ya kama, hanyoyi kan cika da motoci masu jan ɗaki mai tayoyi, wato karaban, inda iyali ke kwana da girki. Abin da ya ja hankalinmu shi ne yadda ma'aurata da yawa ke karɓa-karɓar tuƙi.

Jan wannan ɗaki ba wasa ba ne. Mota ba ta tsayawa da wuri, iskar manyan motoci kan kaɗa ɗakin, in kuma ana komawa da baya, a juya sitiyari dama sai ya nufi hagu. Shi ya sa ake shawartar direba ya huta duk bayan awa 2.

To, maigidan da ya riƙe tuƙi shi kaɗai, ranar da zazzaɓi ko gyangyaɗi ya kama shi a tsakiyar hanya, wa zai kai yara gida? Muna ganin ya koya wa uwargida a fili marar cunkoso, cikin haƙuri, ban da tsawa.

Allah ya kiyaye hanya, amin.