Shawarar da ba ta jin saiwa: kafin a sayar da jari a sa tiyo

A kasuwannin Maraɗi, Damagaram da Tawa, da zarar idon mutum ya yi rawaya sai a ce shawara ce, a jiƙa masa saiwa. Gaskiya ne shawara da yawa daga ciwon hanta take, wata ma tana wucewa da kanta. Amma akwai wadda ba ta wucewa, ita ce muke son 'yan kasuwa su gane, domin ita ke cinye jari.

Hanta na yin ruwan ɗaci, yana bin wata siririyar hanya ya zuba cikin hanji. Idan ciwon daji ya tsiro a kan pankiriyas, wato tsokar da ke bayan tumbi, ko a matsarmama, ko cikin hanyar kanta, sai ya matse ta. Ɗacin ya koma cikin jini. Fitsari ya zama kamar shayi, bayan gida ya yi fari, ƙaiƙayi ya hana barci, mutum ya yi ta rama, wani lokaci ba tare da ciwon ciki ba. Babu saiwar da ke buɗe hanyar da ƙari ya toshe. Hoton ciki na ekogarafi kan nuna kumburin hanyar, sikana ta nuna ƙarin.

Nan ne likitoci ke kawo zancen tiyo. Ana zura shi ta baki da na'ura mai kyamara, ko ta fata a gefen dama, ya buɗe hanyar. Cikin kwanaki ƙaiƙayi kan lafa, cin abinci ya dawo, ido ya washe a hankali. Dangi su ce an warke.

To, ba a warke ba. Tiyo ya gyara magudana ne, bai taɓa dajin ba. A ciwon dajin pankiriyas, cikin mutum 5 kusan 1 kaɗai ake tarar da shi a lokacin da fiɗa za ta yiwu. Ga waɗanda ba a iya yi wa fiɗa, abin da binciken asibitoci ke nunawa shi ne tsaka-tsakin rayuwa bayan sa tiyo wata 3 zuwa 6 ne. Wasu kan wuce shekara, musamman in jiki ya ɗauki maganin daji na ƙarin ruwa. Wannan magani kuwa galibi sai ɗacin jini ya sauka ake farawa, shi ya sa tiyon ke da amfani. Rai na Allah ne, amma lissafi bai saɓa wa tawakkali ba.

Tiyo iri biyu ne. Na roba ya fi araha, amma yakan toshe wajen wata 3. Na ƙarfe ya fi tsada, yana kai wata 6 ko fiye. Ga mai zuwa daga Tawa ko Damagaram, kowane canji kuɗin mota ne, masauki da rumfa a rufe, don haka mai arahar kan iya zama mai tsada.

A ganinmu, kafin mace ta kwashi adashinta ko a sayar da fili a nufi Yamai, Kano ko Tunusiya, sai babban gida ya tambayi likita ƙarara: aikin nan na warkarwa ne ko na sauƙaƙawa? Dajin ya kai hanta? Wane tiyo za a sa, kuma in ya toshe ina za a canza shi?

Wanda aka sa wa tiyo, in zazzaɓi da rawar sanyi suka kama shi, ko ido ya sake rawaya, a kai shi asibiti a ranar. Alamar toshewa ce, ƙwayoyin cuta na iya shiga jini cikin sa'o'i.