Kwalejin Bukuru Da Masu Raba Tukunya

Mutumin da ya baro Yara ta ƙasar Kefi ya zo Ikko ko Badun neman abinci, in Kirista ne, ran Lahadi ba ya tsayawa tambayar ɗarika. Inda ake sujada da Hausa yake nema. Can zai tarar da mutumin Numan ɗan Lutheran, da na Garkida ɗan EYN, da na Panyam ɗan COCIN, kowa riƙe da Littafi Mai Tsarki iri ɗaya, wanda aka fara bugawa da Hausa a 1932. Ba kowane fasto ne zai iya riƙe irin wannan taro ba, sai wanda ya saba zama da waɗanda ba 'yan gidansu ba tun yana ɗalibi.

Magabata sun hango haka. A 1955 ikkilisiyoyin da suka fito daga aikin mishan suka taru a Randa suka kafa tarayyar da ake kira TEKAN yanzu, har da ERCC ta ƙasar Kefi da Akwanga a ciki. A 1959 kuma aka buɗe Kwalejin Tauhidi ta Arewacin Nijeriya a Gindiri, Dokta Harry Boer ne shugabanta na fari, daga baya ta koma Bukuru kusa da Jos. Ɗarikokin nan ba su yarda da juna a kan kome ba. Wasu suna yi wa jarirai baftisma, wasu sai mutum ya girma a nitsar da shi cikin ruwa. Amma duk da haka suka yarda 'ya'yansu su zauna aji ɗaya, su ci tuwo tare, su yi gardamarsu gaban malami. A Kudu ma haka Angilikan da Metodis suka yi a Kwalejin Immanuel ta Badun a 1958.

To, amma ba a daɗe ba aka fara janye jiki. A 1971 ikkilisiyar Tibi ta buɗe tata a Mkar, don tana son a koyar da aƙidarta tsantsa. Tana da hujjarta, ba a musu. Sai dai tun daga nan makarantun ɗarika suka yi ta yawaita, kuma abin baƙin ciki wasunsu allon suna ya fi ɗakin karatunsu girma. Kuɗin baikon talakawa ne ake rabawa gida-gida, malamin Helenanci ko Ibrananci kuwa ba a samunsa a kasuwa.

Ba a ce kowa ya rufe tasa ba. Abin da ake roƙon shugabanni shi ne su yi musayar malamai, su buɗe wa juna ɗakunan littattafai, kowace ɗarika kuma ta ci gaba da aika ɗalibanta na babban karatu Bukuru. Jama'ar Arewa mazauna Kudu su ma suna da ta cewa, tun da ana zuwa wurinsu neman gudummawa. In an kawo musu takardar roƙon kuɗin gina sabuwar makarantar fastoci, ya kamata su tambaya malamai nawa aka tanada, da kuma dalilin da ya sa ba za a haɗa kai da ta maƙwabta ba.