Kira Ga Masu Makarantu A Kan Ilmin Gini Da Tsarin Gari



Ku sani abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne sha'anin 'ya'yanmu na aji uku na ƙarshen sakandare. Yaro ya shekara 17, ya haddace kogunan ƙasashen da bai taɓa zuwa ba, amma ka tambaye shi ina ruwan saman da ya zuba a ƙofar gidansu yake tafiya, sai ya yi zuru. Alhali kuwa gobe shi ne mai yanka filaye, shi ne mai sa hannu a takardar izinin gini, ko kuwa shi ne mai gidan da ruwa zai ci.

Ku dubi kududdufan birnin Kano. Magabata sun haƙi ƙasa sun yi tubali sun gina gidaje, ramin da ya saura ya zama matattarar ruwan damina. Sa'an nan aka zo aka cike da yawa daga cikinsu da shara, aka yanka, aka tsayar da shaguna. Ruwa kuwa bai manta hanyarsa ba, sai ya faɗa ɗakunan talakawa. Lalle da an taɓa fita da mai cikewan nan yana ɗalibi, aka bi kwata da shi bayan an ɗauke ruwa har inda ta ƙare, da ya ji nauyin abin da ya aikata.

Wani zai ce ai wasu makarantu suna koyar da zane da rula. Hakanan ne, ba mu raina ba. Amma ku kai yaran nan Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, 1834 zuwa 1846, su ɗaga kai. Azarar giginya gara ba ta cinta, sai dai ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa in faɗin ɗaki ya wuce wajen ƙafa 6. To, ƙaƙa ya rufe fili mai faɗi haka? Da bakan gizo: azara bisa azara, kowace ta ɗan zarce ta ƙarƙashinta, a ɗaure, a yaɓe, har su haɗu a sama. Wannan lissafi ne tsantsa, yaro ya gan shi da ido ya fi shafi goma na littafi. Kada kuma a ce aikin dā ne ya wuce, gama Falke Barmu ya gina masallacin Yama a Nijar da ƙasa, har ya sami kyautar Aga Khan a 1986.

Ba cewa muke a bar siminti ba, kowa ya san wahalar yaɓe kowace shekara. Abin da muke roƙo kaɗan ne. A keɓe yini ɗaya cikin wata, a kira magini dattijo, a ba shi kujera a aji ko da ba shi da takardar shaida. Yara su auna zaure da igiya, su sa ma'aunin zafi cikin soro da cikin ɗakin kwano da azahar su rubuta abin da suka gani, kana kowa ya zana taswirar unguwarsu, ya nuna rijiya da masai da tazarar da ke tsakaninsu.